Da na ƙara sauri sai saitina ya watse, ina matsalar take?

Yatsu_Biyu ya rubuta:

Salam 'yan uwa. Don Allah masu buga osu!, gem ɗin nan da ake kai linzami kan ɗigogi masu siffar da'ira ana danna su daidai da bugun waƙa, da sauran gem ɗin kiɗa ku zo ku warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Ni dai da kibod nake dannawa, yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, karɓa-karɓa. In taswira, wato tsarin ɗigogin da aka jera wa waƙa, tana wajen 160 ko 170 BPM (bugu a minti ɗaya) ba ni da wata damuwa, sitirim, ɗigogin nan masu zuwa a jere da sauri, yana tafiya sumul, ina fita da 97 ko 98 cikin ɗari, wani lokacin ma har mantawa nake ina dannawa. Amma da zarar an ce 200, to shi ke nan an shiga wani hali. Kuma abin da yake ba ni haushi shi ne ba wai saurin ne ba ni da shi ba fa, ina da shi, in na shiga shafukan nan da ake gwada saurin dannawa ina haura 200 ba tare da wani jan numfashi ba, a cikin taswirar ma sau da yawa kombo, wato jerin dannawa ba tare da ɗigo ya kuɓuce ba, ba ya karyewa, ina kai ƙarshe lafiya lau, sai an nuno sakamako in ga 88 ko 89, ɗari-ɗarin nan kore shar, makin da ake bayarwa maimakon 300 in ka ɗan kauce wa lokaci, sun cika sitirim ɗin tun daga tsakiya har ƙarshe.

Abokan da muke bugawa tare sun rabu gida biyu. Wasu sun ce in ci gaba da dukan 200 zuwa sama har hannu ya saba, wai saiti, wato dannawa daidai kan lokaci, zai biyo baya. Wasu kuma sun ce a'a in koma 150 in zauna sai na fara cin 99, wai sauri zai biyo baya. Kowa na cewa abin zai biyo baya amma sun kasa yarda a kan wanne ne a gaba. To ni tambayata, shin sauri da saiti abu ɗaya ne ko abu biyu ne daban da kowanne ake koyonsa shi kaɗai? Sannan wani abin da ya ƙara rikita ni, taswira mai sanyi sosai, irin wadda ɗigo ɗaya sai ka jira kusan sakan guda kafin na gaba ya zo, ita ma ina zubar da ɗari-ɗari a cikinta. In dai sauri ne matsalar ai ya kamata a ce a can ne na fi ƙwarewa ko?


Turbo_DT ya rubuta:

Wslm. Mutumina kar ka bari su ruɗe ka da zancen komawa baya wlh. Ba a koyon 200 a kan 150, ko ka shekara kana cin 99 a can ranar da ka dawo 200 hannunka zai ƙage kamar yadda ya saba ƙagewa. Ka nemo taswirorin 140 da 150 ka ɗora musu Double Time, wato DT, tunda yana ninka gudun waƙa sau ɗaya da rabi ka ga sun koma 210 da 225 kenan, ka haɗa da No Fail don kar a kore ka a tsakiya, ka yi ta bugawa ko 80 kake samu ba komai, ba wanda zai tambaye ka. In ka ɗan kwana biyu a haka ka dawo 200 za ka ji kamar waƙar tana jiranka. Masu wa'azin saiti yawancinsu gudun ne ba su da shi shi ya sa suka fake da 99 lol


Dan_Lissafi ya rubuta:

Turbo ka faɗi rabin gaskiya ka ɓoye rabi, zan dawo kanka. Ɗan'uwa mai tambaya, bari mu fara da lamba don ka ga abin da yake faruwa da kai, domin matsalarka ba a ɓoye take ba.

Sitirim na yau da kullum ɗigo huɗu ne a kowane bugu, saboda haka in kana son tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo sai ka raba 15000 da BPM ɗin. A 150 milisakan 100 ne cif. A 170 wajen 88. A 200 kuma 75, wato dannawa sama da 13 a sakan ɗaya. Yanzu ka dubi tagar da wasan yake ba ka. A osu! tagar 300, wato ɗan lokacin da in ka danna a cikinsa za ka ci cikakken maki, ita ce 80 a cire OD (lambar tsananin lokaci ta taswira) sau shida, in taswirarka OD 8 ce kana da milisakan 32 gaba da 32 baya. Tagar 100 a wannan OD ɗin 76 ce, ta 50 kuma 120. Ka lura da wannan na ƙarshen da kyau. Tazarar ɗigogin 75 ce amma wasan yana karɓar dannawarka har zuwa 120, ma'ana kana iya kasancewa ɗigo guda cur a baya kuma kombo bai karye ba. Shi ya sa nake ce wa mutane kombo a sitirim ba shaida ba ce, wanda yake dukan kan mai uwa da wabi ma yana iya kai ƙarshe da kombonsa in dai linzaminsa yana kan hanya.

To ga abin da nake zargi. Ka ce a shafin gwaji kana haura 200. Wannan gwajin yana auna maƙurarka ne, wato iyakar abin da hannu zai fitar in ka matse shi, ba ruwansa da ko dannawar ta yi daidai da juna ko ba ta yi ba, shi dai ƙirgawa yake ya raba da lokaci. Mu ɗauka a cikin taswira, ga karatu ga riƙe linzami ga gajiya, abin da hannunka yake bayarwa ya sauko 190 alhali waƙa tana 200. A ido bambancin ba komai ba ne. Amma 190 tazararsa kusan 79 ce, wato kowane ɗigo kana cin bashin milisakan 4. Kafin ka kai ɗigo na goma ka fita daga tagar 300, a wajen na ashirin ka zama ɗigo guda a baya. Daidai da abin da ka faɗa kenan, farkon sitirim lafiya, daga tsakiya kore ya fara fitowa. Sai kuma ƙwaƙwalwa ta ji an bar ta a baya ta ce a ƙara wuta, ka zabura ka wuce gaba, ka dawo, ka sake wucewa, daga nan an daina bin kiɗa an koma kokawa.

Abin da ake kira iko da hannu shi ne iya gyara waɗannan ƙananan kurakuran tun suna milisakan 5 ko 10, ka ɗan ƙara ka ɗan rage ba tare da ka ma sani ba. Kuma gyara yana buƙatar rara. In maƙurarka 210 ce kana buga 170, kana da inda za ka ƙara in ka makara. In kana buga 200 kuwa duk abin da kake da shi ka riga ka zuba, ba sauran na gyara. Saboda haka amsar tambayarka, ba abu ɗaya ba ne kuma ba baƙin juna ba ne, saiti yana zaune ne a ƙasan maƙura da ɗan tazara, in maƙura ta ɗaga shi ma ya samu wurin ɗagawa, amma ba ya ɗagawa da kansa sai an je an ɗauko shi. Nan ne na rabu da Turbo.

Akwai kuma zancen tsoka wanda mutane ba sa so a yi. Tsokokin da suke lanƙwasa yatsa da waɗanda suke miƙar da shi yawancinsu a dantse suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma aikinsu karɓa-karɓa ne, wannan ta ja waccan ta saki. In ka kusa maƙura sai jiki ya ɗaure su duka a lokaci guda don neman ƙarfi, to a nan ne za ka ji dantse ya yi tauri, kafaɗa ta ɗaga, wani har haƙora yake cijewa. Saurin da ake samu a haka karkarwa ce kawai, yana da gudu amma ba ka da ikon cewa ya tsaya a ɗigo na tara. Mota ce mai wuta ba birki. Ka gwada da kanka, ka kunna metronom, abin nan mai buga ƙara a tazara daidai, a 200 ka ce za ka danna tara cif ka tsaya, sannan biyar, sannan bakwai. In kana zarcewa da ɗaya ko kana ragewa, wannan gudun ba naka ba ne tukuna.

Kuma ka daina kallon kashi cikin ɗari shi kaɗai, ka riƙa duba UR a shafin sakamako. Lambar nan tana nuna yadda dannawarka ta warwatsu ne, an ninka da goma, UR 100 yana nufin warwatsuwar wajen milisakan 10, UR 200 kuma 20. A OD 8 mai UR 100 kusan komai 300 zai ci, mai 200 kuwa wajen ɗaya cikin goma zai riƙa faɗowa waje. Ita ba ruwanta da OD, shi ya sa ta fi gaskiya in kana son kwatanta jiya da yau.


Yatsu_Biyu ya rubuta:

Kai Malam Lissafi Allah ya ƙara basira, wannan lissafin bashin milisakan 4 ɗin ya shige ni sosai. Na je na yi gwajin metronom ɗin yanzun nan, a 170 ina tsayawa inda na ce, a 200 kuwa biyar tana yiwuwa amma tara sai ta koma goma ko sha ɗaya, kuma na lura in na fara da na tsakiya abin ya fi lalacewa. Sannan in na saurari ƙarar kibod ɗin ba taka-taka-taka nake ji ba, wani abu nake ji kamar tak-tak, tak-tak, biyu-biyu. Wannan kuma mene ne? Har yanzu dai ba a taɓa mini zancen taswira mai sanyi ba.


ZeeMania ta rubuta:

Wannan biyu-biyun da kake ji ƙanina ɗingishi ne, yatsa ɗaya yana bin ɗaya da wuri sannan a yi dogon jira kafin a zagayo. Maimakon 75, 75, 75 sai ya zama kamar 60, 90, 60, 90. In ka haɗa ka raba za ka ga matsakaicin daidai yake, shi ya sa shafin gwaji zai tafa maka, amma rabin ɗigoginka suna sauka da wuri. Yawanci yana zuwa ne in ka daina ɗaga kowane yatsa shi kaɗai ka koma murza wuyan hannu, ko kuma yatsa ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Tunda ka ce farawa da na tsakiya ya fi ba ka wuya ai ka riga ka kama ɓarawon. Ka riƙa fara 'yan uku-uku da 'yan biyar-biyar da shi da gangan a gudun da kake jin daɗi.

Ni ba da'ira nake bugawa ba, maɓalli huɗu nake yi, Etterna da osu!mania, kuma a wajenmu wannan rigimar ta sauri da iko ta fi fitowa fili don akwai wata dabara da kowa ya sani. A ce ɗigogi suna gangarowa ɗaya, biyu, uku, huɗu a jere kamar matakala. Daidai shi ne ka danna kowanne a lokacinsa. Amma kana iya haɗa na ɗaya da na biyu ka buga tare da hannun hagu, na uku da na huɗu tare da hannun dama, ka saukar da dannawar a tsakiyarsu. A 180 BPM tazarar 83 ce, in ka buga a tsakiya kowanne ka kauce masa da wajen 42, kuma a J4, ma'aunin lokaci na Etterna, tagar Perfect 45 ce, ta Marvelous da ta fi ta daraja 22.5. Ka ga da kyar ka tsallake. Yanzu ka kai waƙar 250, tazara ta koma 60, kaucewarka ta koma 30 kacal. Wato kullum waƙa tana ƙara gudu wannan maguɗin yana ƙara kyau a sakamako! Shi ya sa za ka ga mutum yana cin darajar AA, wato 93 cikin ɗari, a kan abu mai gudun tsiya, ka ba shi abu ɗaya a rabin gudun inda dole kowane yatsa ya yi aikinsa ya kasa kawo AAA, darajar da ke sama da ita, ko kusa. Ba na cewa haramun ne, kowa yana yi in an matse shi, ni ma ina yi, amma mutum ya san wanne yake yi. Turbo da kai nake wlh.

Etterna ma ba ta yarda sauri abu ɗaya ne ba, ta raba gwaninta kashi-kashi, sitirim daban, juriya daban, saurin jak daban, wato maimaita maɓalli ɗaya a jere, ga kuma na sarƙaƙiya. Za ka samu wanda yake tashi sama a sitirim amma jak huɗu a jere suna kayar da shi, domin a sitirim yatsu suna raba aikin, a jak kuwa yatsa ɗaya ne zai sauka ya tashi ya sake sauka shi kaɗai. Abin da nake so da ita shi ne ana ƙara gudun waƙa kaɗan-kaɗan, 1.0, 1.05, 1.1, ba tsallen DT ba da zai ɗauke ka daga 140 ya jefa ka 210 ba komai a tsakani. Yadda nake yi, ina hawa har inda sakamako ya fara zubewa a fili, in sauko mataki ɗaya ko biyu in zauna a nan mafi yawan lokaci, can ƙarshe in leƙa sama kaɗan in dawo. Ku ma a sabon osu! ɗin, lazer, ana iya daidaita yawan gudun DT, ba dole sai 1.5 ba.

Zancen mai sanyi kuma na bar wa su Baba Tsohon_Hannu, su ne suka san wannan.


Tsohon_Hannu ya rubuta:

Zee kin jawo ni. To yaro, abin da ka gani a taswira mai sanyi ba ciwo ba ne, haka ɗan Adam yake. Masu binciken yadda mutane suke bin kiɗa da yatsa sun daɗe da gano abu biyu. Na ɗaya, in tazara tsakanin bugu da bugu ta yi tsawo, warwatsuwar dannawa tana ƙaruwa, domin agogon da ke cikin kai ne yake ƙiyasta jiran, kuma dogon jira ya fi wuyar ƙiyasi. Na biyu, yawancin mutane in suna bin metronom suna riga shi sauka da 'yan milisakan gommai ba tare da sun sani ba, su a jinsu daidai suke. To haɗa waɗannan biyun ka ba mutum taga mai faɗin 32, me kake tsammani? A gudu matsakaici hannu yana lilo da kansa, kowane bugu yana riƙe da na gabansa. A mai sanyi ba lilo, kowane ɗigo sabon yanke shawara ne, ga zumuɗi. Maganinsa ka cike gurbin da kanka, ka riƙa ƙirga rabi-rabin bugun a ranka ko ka kaɗa ƙafa ko kai, yadda makaɗa suke yi. Saboda haka saiti ba wai yana raguwa ne kawai in gudu ya ƙaru ba, yana da wurin zamansa a tsakiya, ka yi sama ya lalace ka yi ƙasa sosai ya lalace, dalilan ne suka bambanta.

Ni da ƙafa na fara, Dance Dance Revolution, wasan rawa da ake taka kibiyoyi a kan faranti, wanda Konami suka fitar a 1998, kuma a can ba a ɓoye komai don jiki duka ake gani. Sabon shiga yana ɗaga ƙafa sama ya maka ta da ƙarfi, ya dawo tsakiya bayan kowane taku. Gwani kuwa ƙafarsa da kyar take rabuwa da faranti, yana taka gefen kibiyar da ya fi kusa, ba ya komawa tsakiya. Mai kallo zai ce gwanin ya fi sauri, alhali tafiyar ce ya rage. A kibod ma haka ne, ka duba ko kana ɗaga yatsa sama fiye da kima ko kana nitsa maɓalli har ƙasa da ƙarfin da ba a buƙata. Rage motsi yana ba ka sauri da saiti a lokaci guda, wannan kam ba ciniki a ciki.

Sannan kafin ka ɗora wa hannunka laifi duka ka duba kayan aiki. In 'yar sandar nan ta ƙasan sikirin tana nuna dannawarka ta taru wuri guda amma ta karkata gefe ɗaya, wannan ofset ne, wato sauti da ɗigo ba su zo daidai ba, gyara ne na minti kaɗan a cikin tsare-tsaren wasan ba atisaye ba. In ta bazu ko'ina, wannan kai ne. Iyafis na Bluetooth yana iya jinkirta sauti fiye da milisakan 100, ka ga ya fi tazarar ɗigoginka ma, ka nemi mai waya. Sikirin mai 60Hz yana sabunta hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 144 kuma wajen 7. Kibod ɗin da yake aika saƙo sau 125 a sakan yana iya ƙara maka har milisakan 8 na rashin tabbas, mai 1000 kuma 1. Ba cewa na yi ka je ka sayi komai ba, mutane sun yi abin mamaki da kaya masu sauƙi, amma ka san abin da kake faɗa da shi.

Kuma in ka ji zafi mai suka a wuyan hannu ko yatsu suna dindiris, ka tashi. Gajiyar tsoka daban, wannan daban. In ya ƙi tafiya a ga likita.


Turbo_DT ya rubuta:

To an taru a kaina lol. Anti Zee na ji saƙo. Amma ku tsaya, shi kansa Lissafi ya ce saiti yana buƙatar rara, to rarar daga ina za ta zo in ba a tura maƙurar sama ba? Sama za ta faɗo? In yaron nan maƙurarsa 210 ce kuma yana son 200 ta zauna masa, dole wata rana ya buga 220 da 230 ya sha kunya, ba yadda za a yi. Ni na ga mutane da yawa da suka maƙale a taswira masu sauƙi suna ta wanke 99 saboda tsoron ganin B a shafinsu, shekara da shekaru suna wuri ɗaya. Kuma akwai abin da ba ku faɗa ba, ido ma yana buƙatar sabawa da gudun, ba hannu kaɗai ba. AR, lambar saurin fitowar da'ira, in 9 ce tana ba ka milisakan 600 ka ga da'ira kafin ka danna, AR 10 kuma 450, in ka ɗora DT a kan AR 9 ya koma 400. Wannan ba ka koyonsa a 150 ko za ka mutu.


Dan_Lissafi ya rubuta:

A nan kam ban musa maka ba Turbo, kuma da haka ka faɗa tun farko da ban ce rabi ba. Tura maƙura dole ne. Inda muka saɓa shi ne nawa za a tura da kuma tsawon lokacin da za a zauna a can. Hannu abin da aka maimaita masa yake haddacewa, bai san wannan atisaye ne wancan na gaske ba. In mafi yawan bugunka a 230 kake yinsa da ɗaurarren dantse da ɗingishi, to ɗingishin kake koya masa, ranar da ka sauko 200 da shi za ka sauko. Gajerun sitirim a sama da maƙura, biyar, tara, a huta, a sake, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin a ɗan wannan tsawon hannu yana iya yin gudun kafin ya ɗaure. Amma dogon sitirim da No Fail ana 80 ana murna, wannan juriyar dukan kibod kawai yake ƙarawa.

Zancen ido kuma ka taɓo babban abu. Mutum in ya ga abu kafin ya mayar da martani yana cin wajen milisakan 200 zuwa 250. Ɗigogi suna zuwa duk bayan 75. Ka ga ba wanda yake ganin ɗigo ya danna, ganin ɗigo ya danna, ba zai yiwu ba ko waye shi. Abin da gwani yake yi shi ne ya ga zubin gaba ɗaya, ya ce wannan tara ne mai lanƙwasa, ya sake shi a matsayin abu ɗaya, kunne kuma ya riƙe masa lokaci. Da yawa abin da mutane suke kira rashin sauri rashin karatu ne, ido bai gama gane zubin ba sai tsoro ya shiga, tsoro kuma shi ne yake ɗaure hannu. Mai tambaya ka gwada wannan, ka kalli taswirar da Auto, inda wasan yake buga kansa, ba ka riƙe linzami ba, ka bi ta da yatsu a kan tebur kawai. In a haka dannawarka ta fito sumul, to matsalar ba a yatsun take ba.

Hannun linzami ma yana da nasa lissafin daban. Tun 1954 wani masani ɗan Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu yake ɗauka ya kai kan abu yana ƙaruwa in abin ya yi nisa ko ya ƙanƙance. Wannan cinikin na gaske ne, in ka rage lokaci ba ka rage nisa ba sai ka biya da kaucewa. Shi ya sa Hard Rock, zaɓin nan mai ƙara wa taswira wuya, yake cizo ta gefe biyu, yana ƙanƙanta da'ira kuma yana ninka OD da 1.4, OD 8 ta haura ta tsaya a 10, taga ta koma 20. Wani abin sha'awa, Beat Saber, gem ɗin da ake saran akwatuna da takobi ana bin kiɗa, su ba sa ma auna lokacin sara a maki, cikin 115 na kowane akwati 70 na faɗin ɗaga hannu ne kafin sara, 30 na zarcewa bayan sara, 15 na kusanci da tsakiya. Amma can ma in waƙa ta yi gudu abin da yake fara zubewa shi ne cikar sarar, mutum ya koma ɗan karkaɗa wuyan hannu don ya tsira. Kowane wasa dai akwai abin da ake fara sayarwa in an matsu.


Yatsu_Biyu ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Tsohon_Hannu na duba sandar, ta ɗan karkata gefen makara amma bazuwar ce ta fi yawa, iyafis ɗina kuma mai waya ne. Zan fara da 180 da 185 da gajerun nan da kuka ce. Tambaya ɗaya ta ƙarshe, na gwada shawarar Turbo sau ɗaya don in gani, taswirar 130 da DT, sai UR ya nuna mini sama da 200 alhali a 195 ba DT ban taɓa ganin ya kai haka ba. DT ɗin ne yake lalata hannu ko me?


Dan_Lissafi ya rubuta:

A'a, wannan ba hannunka ba ne. A tsohon osu! ɗin lambar da yake nuna maka da agogon waƙar aka auna ta, shi kuma agogon yana gudu sau ɗaya da rabi in ka sa DT, saboda haka sai ka raba da 1.5 kafin ka kwatanta, 210 ta zama 140 kenan. Half Time, mai rage gudun waƙa, kuma akasin haka, tunda 0.75 ne lambar tana fitowa ƙasa da gaskiyarta. Amma kar ka yi murna da yawa, tagar ma haka ta matse, 32 ɗin nan ta OD 8 ta koma wajen 21 a lokacin gaske, shi ya sa kashi cikin ɗarin zai faɗi ko da hannunka bai canza komai ba. In kana son gwada gudun kaɗai ba tare da matsewar taga ba, ka nemi taswirar da asalinta 195 ce, ko ka ɗora DT a kan mai OD 5 ko 6.


Turbo_DT ya rubuta:

Ka ji ko, ashe UR ɗina bai kai munin da kuke faɗa ba, a raba da 1.5 tukuna kafin a zage ni. Yatsu_Biyu in ka zauna a 185 ɗin ka turo rikodin mu ji ƙarar kibod ɗin, Anti Zee ce alƙaliyar ɗingishi.